Gawar Nicanor

Ni Evaristo, na fara saran rake tun ban yi gemu ba, ga shi haƙora sun zube ina nan daram. Ciwon ƙoda ya share mazan unguwarmu, ni kuwa ya dube ni ya kauce. Kusan duk wanda ya mutu, a kafaɗar nan tawa ya tafi kabari, don a wurinmu masu saran rake ne ke ɗaukar akwatin gawar ɗan'uwansu, kuma in ban miƙe ba babu mai miƙewa.

Ƙanena Eleuterio ma ni na ɗauka. Likita ya nuna mana hoton ƙodarsa ta tsuke, duk tabo, kamar naman da aka manta a wuta. Ya ce rana da ƙishirwa ne suka yi ta ji mata ciwo har tabo ya cinye ta. Ban yi makaranta ba, amma na san wanda ya hana shi inuwa. Nicanor ne, mai kula da mu a gona. In ka tsuguna shan ruwa sai ya ce, "Gonar ubanka ce?" In bayanka ya ƙage ya miƙo maka ƙwaya, haɗiye ka ci gaba.

Ashe rana ba ta san shugaba ba. Bara ciwon ya kama Nicanor shi ma. Da ya ji tafiya ta matso, ya aiko a kira ni. Na same shi a kwance, ƙafafu sun kumbura kamar turmi.

"Don Evaristo," in ji shi, da laƙabin girmamawar da ake yi wa manya a wurinmu.

"Yau ni ne Don? Da ba jaki kake kirana ba?"

"Ni ma na sari rake kafin a ɗora ni a kanku. Ku ɗauke ni kamar kowa. Kar a ce Nicanor ya rasa kafaɗa."

"Kafaɗata ta gaji," na ce. "Hutawa take, tunda yanzu ba mai hana ta."

Ranar jana'izarsa matarsa Remedios ta tsaya a ƙofata tana kuka. Maza suka jeru bakin hanya, kowa ya zuba mini ido. Na gyara zama na ci gaba da cin wakena.

A tarakta aka ɗora shi, a bayan da ake loda rake, akwatin yana ta bugun ƙarfe a kowane rami. Na bi shi da kallo har ya sha kwana, hulata tana kaina, ban cire ta ba kamar yadda muke yi don girmama gawa.