Saƙon da Aka Cusa a Jakar Sharifa

Ɗan'azumi maci amana ne. Ya shirya ya jefa matar wansa gidan kaso a ƙasar da ba ta san kowa ba, don ya ɗauka ba ta da bakin da za ta kare kanta. Mutanen Dakoro sun san maganar, amma suna faɗinta da ragi saboda darajar gidan. Ga yadda ta faru.

Sharifa matar Sallau ce, dillalin tumaki da awaki a kasuwar Dakoro. Ɗiyarsu ta fari, Lailatu, tana aure a Kampala ta ƙasar Uganda, inda mijinta Amiru yake aikin likitan dabbobi. Da ta samu cikin fari, kowa ya sa ran za ta zo gida ta haihu gaban uwarta, ta yi wankan jego kamar yadda aka saba. Sai ƙafafunta suka kumbura, likita ya hana ta hawa jirgi. Amiru ya kira surukinsa ya roƙi a turo Inna ta riƙe ta, don a unguwarsu babu mace ko ɗaya da ta san yadda ake kula da mai jego irin namu.

Sallau ba ya iya doguwar tafiya saboda ciwon gwiwa. Ƙaninsa Ɗan'azumi, wanda ya yi shekaru yana ɗinki a Legas kuma ya dawo da Ingilishi a baki, shi ya miƙe ya ce zai raka ta. Aka yi ta sa masa albarka. Amiru ya sayi biye, wato tikitin jirgi, guda biyu, aka shiga neman faspo.

Lailatu ce ta kawo maganar koyon Ingilishi. Ta kira uwarta a salula ta ce, "Inna, ki koyi ko kaɗan ne. In fitsari ya matsa miki a filin jirgi, Baba Ɗan'azumi za ki gaya ma?"

Wannan bai taɓa zo wa Sharifa a rai ba. Washegari ta shiga gidan maƙwabciyarta Ma'u, mai koyar da Ingilishi a kolejin garin.

"Malama, so nake ki koya mini maganar hanya. Ba ni son ta littafi."

"Yaya Sharifa, kin taɓa shiga lakwal, kin yi boko?"

"Sau ɗaya, ranar rigakafi."

Ma'u ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ce ta dawo bayan la'asar.

Ma'u ba ta ɗauko allo ko alli ba. Tsakar gida ta mayar filin jirgi. Turmi ya zama teburin ma'aikaci, ƙofar akurkin kaji ta zama ƙofar shiga jirgi, igiyar shanya ta zama layin da ba a ƙetarewa. Ita kuma ta ɗaure fuska ta zauna bayan turmi, ta riƙe muciya, tana jefa tambayoyi da Ingilishi. Daga ina kike? Ina za ki? Wa za ki gani? In Sharifa ta amsa da Hausa, sai ta buga muciya a turmi ta ce jirgi ya tashi ya bar ta, a koma farko.

Makon farko jirgi ya yi ta barin Sharifa. Harshenta ya ƙi lanƙwasa, abin da ta riƙe da yamma ya gudu kafin safe. Ma'u ta ɗauki muryarta a salular Sharifa, kowace magana da ma'anarta, Sharifa ta riƙa saurare tana tsintar gero, tana maimaitawa ga akuyarta. Ta koyi neman ruwa, ta koyi tambayar ban-ɗaki da wurin salla. Ta koyi cewa ba ta gane ba, a maimaita a hankali. Wuri ɗaya suka yi rigima.

"Mene ne sunan ɗiyarki?" in ji Ma'u da Ingilishi.

"Yarinyar nan."

"Babu yarinyar nan a filin jirgi. Sunanta."

"Ma'u, ki ji tsoron Allah. 'Yar fari ce. Tun da na haife ta bakina bai kama sunanta ba, sai yau don wani mai hula?"

Suka daidaita a kan za ta faɗi sunan Amiru ta ba da lambarsa.

Wata rana Ɗan'azumi ya shigo gidan wansa ya tarar da ita tana maimaita neman ruwa. Ya tsaya ya tafa hannu.

"Matar yaya! Ke da ko Faransancin ƙasarmu ba ki ji, kin haye Ingilishi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki bar wahal da haƙoranki, ga ni."

"Kai da ka iya, mi ya hana su ba ka gwamnan Legas? Da keken ɗinki ka tafi, da shi ka dawo."

"Wallahi in kika buɗe baki can, dariya za su yi miki har su kira 'yan'uwansu. Ki yi shiru kawai, abin da na ce ki yi, ki yi."

Wasan ƙanin miji ne a fili, Sallau ma dariya ya yi. Amma maganar ta yi wa Sharifa zafi. Daga ranar ba ta sake faɗin kalma ɗaya a gabansa ba, shi kuma ya ɗauka ta daina. Ba ta daina ba. Har tafiya ta zo ba ta fasa zuwa gidan Ma'u ba sai ranar Juma'a.

Da lokaci ya matso, saƙonni suka fara shigowa. Gwaggon Lailatu ta aiko da cuku daga Bader Goula, wata ta kawo yaji, wata man shanu. Sharifa da kanta ta zaɓi jar kanwa mai kyau don kunun jego. Ma'u ta ga tarin ƙulle-ƙullen ta ƙara darasi.

"Akwai tambayar da ba sa fasawa. Duk kayan nan naki ne? Wani ya ba ki wani abu ki riƙe masa?"

"To ai kowa ba da saƙo yake. Kuma saƙo ba a buɗe shi, kin sani. Wanda ya kwance saƙon mutane ya zubar da mutuncinsa."

"Ban ce ki kwance ba. Cewa na yi, in an tambaye ki, ki faɗi na wane ne. Maimaita: wannan nawa ne, wannan ba nawa ba ne, shi ya ba ni."

Ta maimaita har Ma'u ta aje muciya.

Sharifa da Ɗan'azumi suka hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Maraɗi, daga can zuwa Yamai. Da safen ranar tashi, a gidan da suka sauka, Ɗan'azumi ya shigo da wani babban gwangwanin madara, an naɗe shi da atamfa an ɗinke bakin.

"Matar yaya, jakata ta cika. Saƙon wani abokina ne, maganin gargajiya. Cusa mini a taki."

Ta karɓa ta cusa kusa da kanwa, ba ta tambaya ba. Haka aka tashe ta, haka aka tashe mu duka, kuma da wannan kyakkyawar tarbiyya mugu ya yi niyyar kama ta.

A cikin jirgi Ɗan'azumi ya yi barci da baki buɗe. Ma'aikaciya ta zo wucewa, Sharifa ta tattara ƙarfin halinta ta ce, "Wota, filis." Matar ta yi murmushi ta miƙo mata ruwa. Sharifa ta riƙe kofin ta daɗe ba ta sha ba, tana kallonsa. Da suka sauka Habasha don canjin jirgi, ta ce wa Ɗan'azumi za ta miƙe ƙafa, ta je ta tambayi wata mai shara ban-ɗaki, aka nuna mata, ta dawo ta zauna kamar ba ta yi komai ba.

A filin jirgin Uganda suka ɗauki jakunkunansu. Na'ura ta nuna dunƙulen kanwa, wata doguwar ma'aikaciyar duwan, masu binciken kaya, ta ce a kawo jakar Sharifa kan tebur. Ta zuge, ta ɗaga kanwar tana juyawa. Ɗan'azumi ya matso ya yi bayani cewa gishirin kunu ne. Matar ta aje ta gefe, ta ɗauko gwangwanin da aka ɗinke, ta jijjiga shi. Sannan ta dubi Sharifa ta yi tambaya.

Sharifa ta ji tambayar sarai, kamar daga bayan turmin Ma'u ta fito. Duk kayan nan naki ne? Wani ya ba ki wani abu ki riƙe masa?

Kafin ta motsa, Ɗan'azumi ya amsa da Ingilishi. Ya ce duk nata ne, ita ta haɗa kayanta da hannunta, shi rakiya kawai ya yi, bai san abin da ke ciki ba. Ya juyo gare ta ya ce da Hausa, "Tana tambaya ko haihuwa kika zo. Gyaɗa kai."

Sharifa ba ta san abin da ke cikin gwangwanin ba. Abin da ta sani shi ne an yi ƙarya a kanta, kuma an ce ta sa hannu da kanta. Ta ɗaga kai.

"No," in ji ta.

Ma'aikaciyar ta tsaya. Sharifa ta aza hannu kan kanwa ta ce da Ingilishi, wannan nawa ne. Ta taɓa cuku da yaji da man shanu, ta ce saƙon 'yan'uwa ne ga ɗiyarta. Ta nuna gwangwanin ba tare da ta taɓa shi ba. Wannan ba nawa ba ne. Ta nuna Ɗan'azumi. Shi ya ba ni, a Yamai.

"Ke! Kin haukace?" in ji Ɗan'azumi. "Rufa mini asiri, matar yaya. Ke tsohuwa ce, ba abin da za su yi miki."

"In ba abin da za a yi, kai ka ce naka ne mana."

Ya koma ga ma'aikaciyar yana zuba magana da sauri, yana cewa tsohuwa ce ta ruɗe, ba ta jin Ingilishi, haddar aku ce kawai. Matar ta ɗaga masa hannu ya yi shiru, ta sake tambayar Sharifa wani abu mai tsawo. Sharifa ba ta kama ba. Ta ce, ba tare da kunya ba, ban gane ba, ki maimaita a hankali. Matar ta maimaita kalma kalma: wa ya zo tarbarki? Sharifa ta faɗi sunan Amiru, ta karanta lambarsa da Ingilishi tun daga farko har ƙarshe.

Aka farke ɗinkin a gabansu. Babu madara, babu sassaƙe. Ƙwayoyin maye ne cike da gwangwani, an danna su da auduga.

Aka raba su ɗaki daban-daban. Sharifa ta zauna kan benci tana jan carbi, tana tunanin ɗiyarta da za ta iya haihuwa ba kowa a kanta. Aka shigo da Amiru ya yi tafinta, aka yi mata tambayoyi masu yawa, amsarta ba ta canza ba. Aka duba salular Ɗan'azumi aka samu hoton gwangwanin tun kafin a ɗinke shi, da muryarsa yana gaya wa mai karɓa cewa kayan suna jakar tsohuwa, kuma tsohuwar ba ta jin komai.

Kafin magariba ma'aikaciyar nan ta dawo da faspo ɗin Sharifa da kanwarta, an gutsure gefe ɗaya don gwaji. Ta ce mata barka da zuwa. Sharifa ta yi godiya da Ingilishi, ta ƙara da tambayar inda za ta yi salla, aka raka ta har wurin.

A mota Amiru ya kasa haƙuri. "Inna, wa ya koya miki?"

"Turmi da muciya. Tuƙa mu, yarinyar nan tana jira."

Bayan 'yan kwanaki Lailatu ta haifi namiji, uwarta na riƙe da ita. Sharifa ta dafa ruwan wanka safe da yamma, ta dama kunun kanwa, ta gasa nama da yaji, har aka yi arba'in. Ita take zuwa kasuwar unguwa ta yi cinikin kayan miya da bakinta. Da lokacin komawa ya yi, Amiru ya ce zai nemi wanda zai raka ta. Ta ce ba ta so. Ita kaɗai ta canza jirgi a Habasha, ta nemo ƙofarta da tambaya, har ta ja wata tsohuwa 'yar Tawa da ta ɓace ta kai ta kujerarta. Ranar da ta sauka Dakoro, gidan Ma'u ta fara shiga kafin nata.

Da aka gaya wa Sallau abin da ƙaninsa ya yi, sai ya hana a aika da roƙon a yi masa sassauci.

Ɗan'azumi kuwa, kotun can ta yanke masa shekara goma a gidan kaso. Yana can.