Kiɗan Baba Hamma a Layi Huɗu

Shekara arba'in Baba Hamma yana kaɗa gangar noma a ƙauyukan Doguwa kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kashe masa hannun dama. Bakinsa bai taɓu ba. Yana zaune a zaure zai iya faɗa maka kowane take da baki, ya nuna inda ganga take shiga da inda kazagi yake amsa mata.

'Yarsa Bahijja tana aiki a wani ƙaramin situdiyo a Tudun Wada, ita ce mai haɗa tallan shaguna da na masu magani. Wata huɗu ta yi tana ɗauko shi a mota duk ranar Asabar. Ya zauna gefenta yana rera kiɗan da baki, ita kuma tana dasa bugu ɗaya ɗaya a manhajar da ke kwamfuta. Idan ta sa bugun daidai kan layin da manhajar ta zana, sai ya girgiza kai.

"Ja shi baya kaɗan. Mai noma ba agogo ba ne, sai ya ɗaga fartanya kafin ta sauka."

Haka suka tara take ashirin da uku, kowanne da ganga, kazagi, kalangu da kuntuku.

Mai situdiyon, Fahad, bai taɓa kula su ba, sai ranar da wani mawaƙin siyasa ya ji ɗaya daga cikin takunan ya ce yana so. Fahad ya kira Bahijja ya ce za a miƙe bugun, a ƙara sauri, a ɗora fiyano.

"Oga, Baba ya ce bai yarda ba."

"Kwamfutar wa? Wutar wa kuka sha? Abin da ke cikin kwamfutata nawa ne. Jibi zan tafi da ita Kano."

Bahijja ta shiga neman mafita. Ta san idan ta kwafe fayilolin a filashi ba za su buɗe ba sai da wannan manhajar, ita kuwa ba ta da kwamfuta. Washegari ta hau mota zuwa Bebeji wurin Malam Idris, abokin mahaifinta, wanda yake naɗar karatun tafsiri da wata rakoda mai layi takwas. Bayan gaisuwa ta faɗa masa buƙatarta. Ya shiga ciki ya fito da rakodar a naɗe cikin sallaya, da sabon kati da batura.

"Ki gaida Hamma. Ki ce masa har yanzu ina tuna gayyar gonar kawuna."

Ranar da Fahad zai tafi, ƙarfe takwas na safe ta riga shi buɗe shago. Ya shigo ya tarar ta jona wayoyi biyu daga kwamfuta zuwa rakodar.

"Me kike yi?"

"Ina kwashe kayan ubana."

"Na ba ki izini?"

"Ban tambaya ba. Ba zan goge komai ba, Oga, naka yana nan. Amma ba za ka fita da ita ba sai na ɗauki nawa."

Aikin ba mai sauri ba ne. Kwamfutar hanya biyu kawai take da ita ta fitar da sauti, don haka sai ta tura ganga hagu, kazagi dama, ta naɗa a layi na ɗaya da na biyu. Sannan ta koma farko ta naɗi kalangu da kuntuku a na uku da na huɗu. A gaban kowane take ta sa ƙwanƙwasa huɗu, don ta gane inda za ta daidaita su. Kowane take sai an kunna shi sau biyu, daga farko har ƙarshe.

Fahad ya tsaya a kanta yana kallo. Can ya ce, "To haɗa su wuri ɗaya mana, ki tura a wayarki ki tafi. Minti goma kin gama."

"A'a. Kowace ganga da layinta. Idan na cakuɗa su, wa zai iya raba su gobe?"

Tana kan take na tara aka ɗauke wuta. Ta dubi janareto a bakin ƙofa, ta dubi Fahad. Ya zare makullin janareton ya sa a aljihu, ya ja kujera ya zauna yana danna waya.

Ta rage hasken kwamfutar har sai da ƙyar take ganin rubutu. Ta kashe sifikoki, ta sa abin ji a kunne. Batirin ya nuna saura awa ɗaya da rabi. Ta ɗauki biro ta duba jerin sunayen, ta fara da waɗanda Baba ya fi shan wahalar tunowa, na sassabe da na ɗaukar dami. Fanka ta tsaya, zufa tana bin wuyanta, ba ta ɗaga kai ba.

"Idan kika fita da abin nan, kada ki dawo mini shago," in ji Fahad.

"Na ji."

A tsakiyar take na ashirin kwamfutar ta mutu. Bahijja ta cire abin ji daga kunnenta. Sannan ta zare wayoyinta, ta naɗe rakodar, ta ciro makullin shago daga jakarta ta ajiye a kan tebur.

"Sha tara na samu. Sauran huɗun suna bakin Baba, can ba ka da makulli."

Da la'asar ta isa gida. Baba Hamma ya saurari take uku a jere. A na huɗu ya ce ta kashe layin ganga. Ta ja maɓallin ƙasa, kazagi da kalangu da kuntuku suka ci gaba su kaɗai.

"Kira mini Mujitaba."

Mujitaba maƙwabcinsu ne, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda ya daɗe yana roƙon a koya masa, Baba yana cewa da wane hannun. Aka sauko da gangar daga inda take rataye, aka kakkaɓe ta. Mujitaba ya rataya, ya shiga kiɗan da wuri, Baba ya tsawata masa. Ya sake shiga, ya makara.

"Mayar da shi farko," in ji Baba.

Bahijja ta mayar. Mata sun fara leƙowa ta katanga. Sai da aka kira sallar magariba suka tsaya, Baba ya ce gobe bayan an dawo daga gona a ci gaba.