Giɓi a Hular Abdulbaƙi

Alhaji Tanko mai sayar da huluna ya juya hular sau biyu a hannu, ya kai ta bakin rumfa inda haske yake, ya dawo yana girgiza kai.

"Malam Abdulbaƙi, ko ido ya fara gajiya ne? Ga giɓi nan a hawa na shida. Duka huɗun da ka kawo haka suke."

"Ba kuskure ba ne, Alhaji. Haka zanen yake."

"Haka yake a ina?" Tanko ya zaro wata hula daga tarin da ke bayansa. "Ga Tsanin Nasara nan, layi ya tafi tun daga ƙasa har sama, ba yankewa. Ko masu koyo sun iya shi."

Duniya ke nan, yau ana koya wa mai zane zanensa. Abdulbaƙi ya karɓi hular ya duba. Zarenta mai kyau ne, ɗinkin ba laifi, amma babu Nana Hauwa a cikinta.

Nana Hauwa matarsa ce, mai lalle, duk unguwar Sheshe an san hannunta. A jajiberin Sallar da ta zame mata ta ƙarshe, tana kwance ba lafiya, ta dage sai ta yi wa 'yarsu Husaina lalle da kanta. Ta riƙa jan layi hawa-hawa a bayan hannun yarinyar. Da ta kai na shida hannunta ya yi rawa, layin ya yanke. Ta huta, ta yi dariyar kanta, ta ci gaba daga can gaba kaɗan. Bayan kwana tara ta rasu. Lalle kuwa ba ya jiran mai makoki, don haka Abdulbaƙi ya zaunar da Husaina ya kwafe zanen a ƙyalle kafin ya goge, har da giɓin. Wata biyu ya yi yana ɗinka shi a hula.

A kan Abdulbaƙi Tanko ya fara ganinta, ya matsa sai an yi masa irinta. Ɗaya ta faɗa kan wani ɗan takara, ya sa ta yawon neman ƙuri'a, ya ci. A kasuwar Kurmi kuwa ba mai ɗinki ke raɗa wa hula suna ba, kasuwa ce, kuma ba ta shawara da kowa. Mutane suka dubi zanen suka ga tsani, suka ce da ita Tsanin Nasara. Masu kwaikwayo suka haɗe layin, don wa ke son tsani mai karyayyen mataki?

Wani mai saye ya tsaya, ya ɗauki ɗaya daga cikin na Abdulbaƙi, ya leƙa, ya ajiye da sauri. "Alhaji, ba jabu nake so ba. Ba ni ta asali." Tanko ya miƙa masa wadda aka haɗe, ya tafi yana murna.

Abdulbaƙi ya ji abin har cikin ƙirjinsa. Bai taɓa gaya wa kowa labarin ba, yau sai ya gaya wa Tanko, tun daga jajiberin Sallah har ranar jana'iza. Ya ce ba wani abu yake nema ba, a dai bar giɓin, a san hannun mutum ne ya tsaya a wurin.

Idon Tanko ya kawo ruwa. Mutumin kirki ne, abin da ya ƙara wa lamarin ciwo ke nan.

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta," ya ce. Sai ya matso, ya rage murya. "Amma don girman Allah, Malam, kada ka sake faɗa wa kowa. Angwaye ke sa hular nan, masu neman kujera ke sa ta. Ranar da aka ji hannun mai jinya ne, an gama da ita. Wa zai ɗora mutuwa a kansa ya tafi ɗaurin aure?"

"To ni na ɗora."

"Kai taka ce." Tanko ya buɗe wani gwangwani, ya ciro allura. "Ɗinki uku ne kacal a kowace, giɓin ya haɗe. In ba haka ba, wallahi ba mai ɗauka, ko a nan ko a wata rumfa."

Abdulbaƙi ya dubi lungun kasuwar. A ɗan tsayuwar nan ya ga kai biyar sun wuce da zanen matarsa, kowa na tafe da tsaninsa. Ya so ya tattara huɗun ya koma Sheshe. Amma allura ce ke ɗora tukunya a gidan, ba shi da wata sana'a, kuma ya gaji.

Ya zauna a gefen benci, ya zaɓi zare mai launin da ya dace. Duk Kurmi babu wanda ya kai shi iya aiki. Da ya gama ta farko ya ɗaga ta a haske ya duba, ya sake dubawa. Shi kansa ya kasa gane inda hannunta ya yi rawa.