Bokitin Baban Renelle

"Anti, ba nan ba. Ja baya."

Na ja bokitin kaɗan, na sake kife shi na zauna. Renelle tana tsaye can ƙarshen bayan gidansu, hannu ɗaya riƙe da igiyar shanya, ɗayan da ƙwallo. Rigar jikinta kamar a ƙusa aka rataye ta.

"Ni za ki yi wa wayo? Gindin gwandar can Baba yake zama."

Gaskiyarta, wayon na so yi. Ciwon daji ya cinye ta, asibiti sun sallamo ta gida ba don ta warke ba, kuma abu ɗaya ta nema: ta jefa ƙwallon nan ya faɗa cikin safar hannun da ake cafe ƙwallo da ita, daga nisan da ake jifa a filin wasa, ko da sau ɗaya ne. Mai jifa a wasan sofbol ba ta da abin yi ita kaɗai, sai da mai cafewa. Shi ya sa ta leƙo ta kan shinge ta kira ni, ni Mitsue, tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ko lemo aka cillo mata sai ta runtse ido.

A gabana yarinyar nan ta girma, nan garinmu Hilo. Tana sakandare ba ta san hutu ba: da an koma makaranta ƙwallon raga, a gama ta faɗa ƙwallon kwando, sannan sofbol, wanda shi ne ranta. Kullum yamma babanta, Mista Pacheco, zai dawo daga aiki ko wanka bai yi ba, ya zauna kan bokitin nan tana zabga masa jifa. Ƙarar ta hana ni jin rediyo, na yi mita har na gaji na saba.

Da wata jami'a can Nebraska ta ɗauke ta karatu kyauta don hannun nan nata, unguwa ta yi biki. Sai a shekararta ta ƙarshe, ana tsakiyar wasanni, uban ya faɗi ya mutu, uwar kuwa dama ta daɗe da rasuwa. Ta zo aka binne shi, ta koma ta ci gaba da jifa. A nan gida, ranar wasan bankwana na masu gama makaranta, 'yan uwa da maƙwabta kan jibga wa yarinya sarƙar furanni a wuya har sai idonta kaɗai ake gani. A can kuwa ita kaɗai ta tako fili da aka kira sunanta, cikin sanyi, matar kocinsu ce ta miƙa mata fure. Ta dawo ta kama aiki a kantin kayan gini, ba aure, ba surutu. Abokan wasanta yanzu sai saƙon waya da hoton zuciya, wallahi abin yana ba ni haushi.

"Buɗe safar, Anti. Ba jaka ba ce da za ki rungume."

"Idan kika fasa min haƙoran roba ke za ki saya."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta saki igiyar, ta gyara tsayuwa, ta wulwula hannu ta sako ƙwallon ta ƙasa yadda suke yi. Ko rabin hanya bai kai ba ya faɗi, ya gangara cikin ciyawa. Na ɗauko na kai mata. Ta sake, haka. A na uku ƙafafunta suka ƙi, na riƙe ta muka shiga ciki.

Washegari muka sake, da jibi, duk ranar da ruwa ya ɗan tsagaita. Na dafa mata shinkafa da kifi, ta ci cokali biyu, wai don ta samu ƙarfin kafaɗa. Ran Laraba ƙwallon ya taho har na ji gabana ya faɗi, ya dira gab da yatsun ƙafata, ya yi tsalle ya shige safar.

"Ya iso," na ce. "Kin gani? Ya iso."

Ta dube ni tana haki. "Ya taɓa ƙasa, Anti."

"Ni ban gani ba."

"Ina za ki gani, ido a rufe? Baba ko a ranar haihuwata ba ya min ƙarya." Ta share baki da bayan hannu. "Gobe. Saura kaɗan."

Da goben ta zo, ba ta iya tashi ba. Ma'aikaciyar jinya da ke zuwa duba ta ta ce in zauna kusa. Na zauna, ni kaɗai, babu wanda zan kira. Ran Asabar da hantsi, ana ruwa, ta cika. Na yi kuka irin wanda ban yi wa mijina ba.

Da aka tafi da ita na fita kwashe shanyarta. A inda take tsayawa, ƙafar da take ja idan ta yi jifa ta kwarzane ciyawar, ta bar ɗan siririn rami a ƙasa. Ruwan sama ya cika shi, wasu kurciyoyi biyu suna sha.