Dafin Yusha'u Tela

Ƙungiyar masu kwari da baka ta unguwar Doka a Kaduna, in za a faɗi gaskiya, a wuyan mutum ɗaya take rataye, shi ne Yusha'u Tela. Shi ya yi ta safa da marwa gidan mai unguwa har aka ba su filin da ke bayan gari. Shi ke fitowa da lauje duk Lahadi da hantsi ya sare ciyawa, ya cika randa da ruwa, ya ɗinke buhunan ƙaiƙayin da ake harbi, ya rataye su a jikin ɗorawa. Ba wanda ke biyansa, ba kuma mai taya shi kullum sai Baba Husaini, wani tsohon soja da ke takowa tun daga unguwar Abakpa da fartanyarsa a kafaɗa. In la'asar ta yi sai ka ga maza sun hallara, maƙera da mahauta da masinjojin ofis, duk 'ya'yan ƙauye ne da Kaduna ta tara, masu kewar daji. Shugaba suke kiran Yusha'u, shi kuwa ba ya ɓoyewa, sunan nan ya fi masa keken ɗinkinsa daraja.

Mutum ɗaya ne bakinsa bai taɓa furta sunan ba, Malam Labaran malamin daji. Ma'aikacin gwamnati ne mai kula da gandun daji, ɗan gidan maharba daga ƙasar Zazzau, ga iya harbi ga baƙin hali. Hannunsa bai taɓa sanin lauje ba. Yakan zo a makare bisa keke, riga a goge, ya sha ruwan randa ya yatsine fuska ya ce yana warin gansakuka, ya zuba kibau a tsakiyar buhu, ya hau kekensa.

Abin haushin shi ne ba a iya rabuwa da shi. In birai suka dami manoman gefen kogi, ƙungiya ce ke fita taimako, kibiyar wasa kuwa ba ta kayar da gwaggon biri sai an shafe ta da dafi. Labaran ne kaɗai ya iya dafa shi. A wurin maharba kowane dafi da makarinsa, mai dafawa ne kawai ya san haɗin, kuma sun yi imani makarin wani ba ya karya dafin wani, sai ma ya ƙara masa kaifi. Shi ya sa maharbi ba ya ba da makari sai ya tambayi dafin wa ya taɓa mutum.

Wata Lahadi kibiyar Yusha'u ta saɓa buhu ta faɗa ciyawa. Labaran ya dube shi gaban jama'a ya ce, "Tela, ajiye bakan nan ka ƙaro mana ruwa. Kowa da abin da Allah ya hore masa."

Aka yi dariya, har da waɗanda ba su so yi ba. Yusha'u ya haɗiye maganar. Mako na zagayowa ya kafa doka, wanda bai taɓa aikin fili ba, ba zai ɗaura tsirkiya a filin ba. Kowa ya san wanda aka yi dokar dominsa.

Labaran ya ce, "Madalla. A ba ni kaskon dafina da ke ajiye a gidanka."

"Na zubar a kogi."

"To ranar da manoman Malali na gefen kogi suka kawo kuka, sai ka harbi biran da allura."

Yusha'u ya ce, "Dafi ba a gidanku aka sauke shi ba, Malam Labaran. Ni ma kakana maharbi ne. Za ka ga nawa."

Maganar ta fita, kuma kunnuwa da yawa sun ji. Kakan nasa maharbi ne da gaske, sai dai ya rasu tun Yusha'u na rarrafe. Duk da haka ya rufe shago ya shiga daji, ya samo 'ya'yan kwankwani da 'yan saiwoyin da ya taɓa jin ana ambata, ya dafa har hayaƙi ya jajanta masa ido. Ya dawo gida ya gwada a cinyar zakaran matarsa Hansai. Zakara ya yi ɗingishi zuwa gindin turmi, ya karkaɗe jiki, ya yi cara, ya bi kaza da gudu.

Hansai ta ce, "Malam, in dai wannan ne dafin, ƙara masa. Tun da na saye shi ban ga ya yi kuzari haka ba."

Yusha'u ya juya. Ya shiga ɗaki ya jawo kaskon Labaran daga ƙarƙashin gado, inda yake tun ranar da aka ce yana kogi. Ya jiƙa dafin, ya zuba masa shuni har launinsa ya juya, ya shafe kibau ya shanya. Sannan ya daka gawayi da garin kuka ya ɗura a 'yar gora, ya toshe da tsumma.

Hansai na tsaye bakin ƙofa. Dariyar ta bar fuskarta. Ta ce, "Wannan ne makarin?"

"Tun da muke fita, wa kika ji kibiya ta taɓa?"

"Allah ya kyauta," in ji ta, ta koma wurin tukunyarta.

Ranar da ya kai kibau masu shuɗin baki fili, maza suka yi ta juya su a hannu suna jinjina masa. Baba Husaini ya dafa kafaɗarsa ya ce dama ya sani ɗan nan ba ya magana a banza. Yusha'u ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, da wani ɗan tsoro a ƙarƙashinsa wanda ya danne.

Masara na fara nuna, mai unguwar Malali ya aiko. Gwaggon birai sun addabi fadama, suna shiga gona da rana tsaka, har mata sun daina zuwa ɗibar ruwa su kaɗai. Ƙungiya ta yi sammako. Suna isa suka tarar da keke jingine a gindin wata maɗaciya, Labaran na zaune kan saiwa yana cin goro. Ya ce aikin gwamnati ya kawo shi, duba itatuwa. Ba wanda ya yarda.

Aka bazu aka kewaye gonakin. An yi ruwa kwanan nan, fadama duk santsi. Biran suka ɓarke ta wajen kogi, Baba Husaini ya zabura zai tare su da kibiya ɗane a baka, ƙafarsa ta zame. Ya faɗi a kan hannunsa na hagu, bakin kibiyar ya shige masa ƙasan gwiwar hannu.

Kafin ka ce me, an rufu a kansa. Wani ya zare kibiyar, wani ya kwance tsirkiya ya ɗaure damtsen tamau. Idris mahauci ya waiwayo ya ce, "Shugaba, makari."

Yusha'u ya durƙusa ya dubi raunin. Bai yi zurfi ba. Ya ce a ransa tsohon soja ne, jikinsa ya ga abin da ya fi wannan, ga shi an ɗaure da wuri, wataƙila ma shunin ya rage wa dafin ƙarfi. Ya ɗaga kai ya hango Labaran ya miƙe tsaye yana kallo. Kalma ɗaya za ta kawo shi da gudu, kalmar kuma za ta tafi da duk abin da Yusha'u ya gina. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar gorar. Ya kaɗa garin a ruwa, ya tallafo kan tsohon a cinyarsa, ya ce, "Yi bismillah, Baba." Husaini ya yi, ya shanye tas, ya ce masa Allah ya yi albarka.

Aka zauna jira. Rana ta ɗaga. Zufa ta karyo wa tsohon, ya yi amai baƙi ƙirin, hannun ya kumbura har tsirkiya ta nutse a cikin nama. Numfashinsa ya fara sarƙewa. Maza suka soma duban Yusha'u, shi kuma yana duban ƙasa yana cewa a ƙara haƙuri, magani ba ya aiki nan take.

Labaran ya tako a hankali, yana kaffa-kaffa da taɓo kada ya ɓata masa takalmi. Ya ɗauki kibiyar ya shinshina, ya kankare bakinta da ƙaho, ya ga abin da ke ƙarƙashin shunin. Ya gane kayansa, ba shakka ya gane. Makarinsa na cikin aljihun gaban riga, kowa na ganin tudunsa. Mutumin kirki da nan take ya durƙusa. Shi sai ya gyara tsayuwa.

Ya ce, "Tela, dafin wa ne wannan?"

Idris ya ce, "Malam, don Allah ba shi naka, ka ga halin da yake ciki."

"In ba shi nawa a kan dafin wani, ya mutu a hannuna? Ni ba na kashe mutum a kan zato. Ga mai dafi nan, ya faɗa."

Yusha'u ya sunkuyar da kai. Kan Husaini na bisa cinyarsa, idanun tsohon a buɗe, suna kansa. Ya tsani Labaran a lokacin nan fiye da duk abin da ya taɓa tsana, kuma ya san rabin tsanar ta kansa ce.

"Naka ne," ya ce, can ƙasan maƙoshi.

"Ban ji ba. Su ma ba su ji ba."

"Naka ne."

"Wanda ke cikin kogi?"

"Ban zubar ba. Shuni na zuba masa."

"Abin da ka ba shi ya sha fa?"

"Gawayi ne da kuka."

Sai a sannan Labaran ya tattare riga ya durƙusa cikin taɓon. Ya tsaga raunin da aska, ya matse, ya cusa gari, ya ɗura wa tsohon saura a baki. Hannunsa ya san aikinsa, wannan ba mai ƙwace masa. Aka aza Husaini a keken, mutum biyu na riƙe da shi, aka tura zuwa asibiti. Ba wanda ya ce wa Yusha'u taho, ba wanda ya ce masa zauna. Biran kuwa suka koma gona suka ci masararsu.

Husaini bai mutu ba. Amma hannun ya daɗe a ɗaure, ya kuma daɗe da dafi a ciki. Da ya fito daga asibiti, hannun ya shanye ya koma kamar busasshiyar kuɓewa, yatsun sun lanƙwashe ba sa buɗewa. An ce Labaran ya je dubiya da ƙwaryar goro, yana jiran godiya, tsohon ya juya fuska ga bango har Labaran ya gaji ya tashi.

Lahadi ba ta daina zuwa ba, Yusha'u ma bai daina fita ba. Yakan sare ciyawa, ya cika randa, ya rataye buhuna, ya zauna gindin ɗorawa har magariba. Wasu sun bi Labaran wani fili a Abakpa, inda aka ce ciyawa ta kai gwiwa don ba mai sarewa. Saura sun rataye bakunansu. In sun haɗu da shi a kasuwa sukan ce sannu Tela, su wuce.

Wata la'asar ya hango mutum tafe daga wajen Abakpa, yana tafiya yana hutawa. Baba Husaini ne, bakansa a hannun dama, na hagun cikin riga. Yusha'u ya miƙe da sauri har ya tuntsurar da lauje.

Tsohon ya jingine bakan a jikin ɗorawa. Ya ce, "Na kawo wa ƙungiya. Ko akwai mai buƙata."

Ya dubi filin da ba kowa.

Yusha'u ya durƙusa. "Baba, ka yafe mini."

"Maganar kasko ban riƙe ka da ita ba. Mutumin nan ya ƙure ka, ni shaida ne. A soja na ga ƙaryar da ta fi wannan." Ya numfasa. "Gorar nan ce ta ƙi wuce mini. Ka san abin da ke cikinta. Ka ɗora kaina a cinyarka, ka ce in yi bismillah."

Yusha'u ya ɗaga kai ya dube shi. Ya ga leɓen tsohon ya bushe, zufa na bin wuyansa, ga tafiya mai nisa a gabansa. Sai ya tashi ya buɗe randa, ya ɗebo ruwa mai sanyi a moɗa, ya miƙa masa da hannu biyu.

Husaini ya dubi moɗar, ya daɗe yana dubanta, ya dubi hannun da ke riƙe da ita.

"Bar shi," ya ce. "Na sha a gida."

Ya juya ya kama hanyar Abakpa, Yusha'u na tsaye da moɗar a hannu.