Agogon da Sai An Gaishe Shi

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu yake ba ni haushi. Wai ranar ɗaurin auren ƙanina Tasi'u ce, ni ne waliyyinsa, kuma ban san ko ƙarfe nawa ba.

A garin da na tsinci kaina ba a ɗinka kaya, zana su ake yi. Tela ya tsayar da ni a jikin bango, ya ɗauko burushi ya zana mini babbar riga mai hoton kogi, da kwalekwale a ƙirji. Ta yi kyau, ba ƙarya, sai dai ruwan na gaske ne. Duk inda na taka sai na bar laka.

"Kada ka naɗe hannun rigar," in ji tela. "Akwai masunci a ciki."

Sai ga ni a shagon agogo. Mai shagon kuwa wata jimina ce, ta ɗaura kallabi mai zanen faɗuwar rana, har duhu ya fara sauko mata a goshi. Ta nuna mini wani agogon zinariya da aka sassaƙa wa furanni. Hannayensa gashin ɗawisu ne, amma ya harɗe su a ƙirji kamar attajiri.

Na ce, "Hajiya, ƙarfe nawa ya nuna?"

"Haba Malam! Agogon manya ne. Ba a kallonsa, gaishe shi ake yi."

Na tuɓe takalma na durƙusa. "Ranka ya daɗe, ina kwana?"

"Lafiya lau," in ji agogo. "Ina gajiya? Ya gida? Ya yara?"

Ya tambayi maiɗakina, ya tambayi surukaina ɗaya bayan ɗaya, har masuncin cikin rigata sai da suka gaisa. Ni kuwa ban iya katse babba ba, haka aka raine ni. Ta taga ina hango mutane suna tafiya masallaci da ƙwaryar goro, can kuma na ga suna dawowa suna tauna.

Da ƙyar ya tsaya ya numfasa. Na ce, "Ranka ya daɗe, dama lokaci na zo tambaya."

"Ayya! Da ka shigo kam da saura. Yanzu an shafa fatiha, wani mai wucewa ne ya karɓa wa Tasi'u auren. Ango ya yi ta waiwaye yana nemanka. Af, na manta, ya mutanen ƙauye?"

Na buɗe baki in zage shi tas, sai na ji kaina ina cewa, "Suna nan lafiya, suna gaishe ka."

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni, ina durƙushe a kan katifa, ina amsa wa agogon da madalla.