Ranar da Shugaba Ya Sallami Matattu

Daren jiya mafarki ya kai ni wata ƙasa da ruwan sama ke tashi daga ƙasa ya nufi gajimare. Gidana yana can, da matata Lantana da 'yarmu Ummi.

Shugaban ƙasar ya rubuta a shafinsa na intanet cewa matattu su je gida su gaisa da danginsu. Kafin azahar sai ga marigayiya mahaifiyata ta yi sallama, takalmanta a hannu.

"Tanimu, ka rame," in ji ta.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, da izini kika zo?"

"An ce Shugaba ya rubuta."

"A shafinsa ne, Inna. Ban ji a rediyo ba. Bari in je a tabbatar mini, kada a ce kin karya doka."

"Zauna tukuna mu yi hira."

Na ce yanzu zan dawo.

Sai ga ni a ofishin kakakin gwamnati. Wani bunsuru ne da tabarau, yana tauna labulen taga.

"Ranka ya daɗe, rubutun nan maganar gwamnati ce ko ta Shugaba shi kaɗai?"

"Da wane hannu ya rubuta? In da dama ne, doka ce. In da hagu ne, ra'ayinsa ne."

"To da wanne ya rubuta?"

"Da hannu biyu yake riƙe wayar. Je ka kotu."

Kotun tana bayan wata tirela da ke tafiya a hankali. Na bi ta da gudu, ruwa na shiga mini ta ƙafar wando. Alƙaliyar, wata tsohuwar akuya, ta leƙo ta ce, "In ya goge, bai faɗa ba. In bai goge ba, bai gama faɗa ba."

Ina shirin sake tambaya sai wayoyin mutane suka yi ƙara gaba ɗaya. Shugaba ya goge.

A ƙofar gida na tarar da maƙwabcina Malam Ɗayyabu yana share ɓawon gyaɗa. Shi bai tambayi kowa ba. Wuni suka yi da mahaifinsa a tabarma suna ɓarar gyaɗa har aka zo tafiya.

A tsakar gida Ummi tana zaune da rabin kitso a kanta.

"Inna ta jira ka," Lantana ta ce. "Duk motsin ƙofa sai ta ɗaga kai."

"Ta bar mini wata magana?"

"Ta ce ka riƙa cin abinci."

Na zauna a kujerar da ta tashi. Da sauran ɗumi. Na buɗe baki zan tambayi Lantana ta wace hanya suka bi, sai injin markaɗen bayan gidanmu ya tashi, na farka.